Tayin da Ban Maimaita Ba

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, Shi ne Ya san abin da harshe ya furta da abin da zuciya ta ɓoye a bayan furucin. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da iyalan gidansa da sahabbansa.

Limamin unguwarmu ya rasu a daminar da ta wuce, Allah Ya jiƙansa. Ba a yi sadakar uku ba sai da mutum huɗu suka nemi in sa baki a ba su limancin. Uku aike suka yi. Na huɗun da ƙafarsa ya zo, ya baje mini takardun shaidar karatunsa a kan buzu, yana nuna mini hatimi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tallar atamfa. Ban ga laifinsa ba, zamaninsa ke nan, kuma yana da karatu daidai gwargwado. Amma bayan ya tafi na daɗe a zaune ban iya buɗe littafi ba, domin ya tayar mini da abin da na shekara da shekaru ina dannewa. Ni na tashi a lokacin da ake bin mutum da limanci yana gudu. Kuma da wannan kyakkyawar ɗabi'a ta mutanen da na yi amfani na hana malamina zuwa Makka. Shi ne abin da zan faɗa tun da sauran numfashi.

A ƙauyenmu, can tsakanin Tafoki da Daudawa, ba a karɓar abu mai daraja a tayin farko. Idan ka iske mutane suna cin tuwo suka ce maka bismilla, sai ka ce alhamdu lillahi ko da cikinka na kuka. Su kuma sun san aikinsu bai ƙare ba, sai sun sake, sai wani ya kama hannun rigarka ya zaunar da kai. Wannan a tuwo ke nan. Idan abin ya kai ga limanci, ko rawani, ko kyautar doki, to yana da tsari kamar wankin gaɓoɓi a alwala. Da farko a aiki matashi ya kai magana, a ce masa, “Ban cancanta ba.” Shi kuma ya amsa da cewa za a dawo. Sannan a aiki sa'an mutumin, wanda suke wasa da dariya, a ce masa, “Akwai waɗanda suka fi ni,” har a jero sunayensu. A karo na uku dattawa ke zuwa, su zauna su ƙi tashi. A nan ne mutum zai yi shiru, ya dubi ƙasa, ya ce Allah Ya ba mu ikon ɗauka. Wanda bai san mu ba zai ce wasa ne ko ɓata lokaci. Ba haka ba ne. Mutum yana tsare ransa daga kwaɗayi, yana kuma gwada masu tayin ko da gaske suke. Su kuma suna ɗauke masa nauyin roƙo, ya zamanto gobe ƙiyama ba shi ya nema ba. Wanda ya ƙi da gaske ma an san shi, domin ba ya cewa bai cancanta ba. Rantsuwa yake yi, ko ya ɗauki sandarsa ya bar garin har a gaji.

Malamina kowa a ƙasar Malam kawai yake ce masa, kamar babu wani malami sai shi. Shekara goma sha biyu na yi a gabansa. Har yau idan na rufe ido ina jin sautin zaurensa da hantsi: ƙarar taɓarya daga cikin gida, kukan kurciyoyi a kan tsamiya, da muryarsa yana fasa Larabci da Hausa kalma kalma, yana jan ƙarshen kowace kamar ba ya son rabuwa da ita. Mukan yi masa noma ranar Alhamis, mu cire masa auduga da kaka, mu ɗora wa jakai zuwa kasuwa. Ba ya duka. Idan ka karanta wasali ba daidai ba sai ya ɗaga yatsa ya ce, “Sake dubawa. Mai littafin ya rasu, ba shi da bakin kare kanshi, kada ka yi mashi ƙazafi.”

Babu babin da yake so kamar babin hajji, kuma bai taɓa zuwa ba. Yana saurayi ya kama hanyar gabas a ƙasa kamar yadda mutanen da ke yi, yana tafiya yana ƙwadago, har ya wuce Barno. A can saƙo ya iske shi cewa mahaifinsa ya rasu ya bar tsohuwa da ƙanana, sai ya juyo. Daga nan bai sake samun iko ba, domin abin da ya shigo hannunsa da safe ba ya kai la'asar. Amma duk mai niyya daga Faskari har Sabuwa, wasu ma daga Ƙanƙara, wurinsa yake zuwa koyon aiki. Yana da wani babban rumbu a fili bayan zaure, shi ne Ka'abarsa. Ya ajiye baƙin dutsen niƙa a gindinsa, daga nan ake fara zagaye, kafaɗar hagu wajen rumbu. Tsamiyar ƙofar gida ita ce Safa, kukar bakin rijiya ita ce Marwa, ya kafa turaku biyu a tsakani inda maza za su yi sassarfa. Sai ka ga attajirai da masu unguwanni sun tuɓe manyan riguna sun yafa zane suna zagaya rumbun dawa, kaji na watsewa, mata na leƙe ta saman zana suna ƙunshe dariya, Malam na biye da su yana cewa, “Alhajin gobe, rage sauri, ba kasuwar Faskari za ka ba.” Yana kwatanta wuraren nan kamar a can aka yanke masa cibiya. Waɗanda suka je suka dawo sukan rantse cewa duk inda suka waiga muryarsa suke ji.

Sai kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane saurin da abubuwa suka juya ba. Jinka ta fara ba kwano wuri, samari suka jingine fartanya suka nufi Kaduna da Legas, rediyo mai kaset ya shiga ɗakunan da ba a taɓa jin komai ba sai tatsuniya. Makka da ake yi wa tafiyar shekaru, mutum ya bar wasiyya kafin ya fita, ta koma tafiyar yini guda daga Kano. Maniyyata suka yi yawa har sawunsu ya fafe hanya a gindin rumbun Malam. Ni ma guguwar ta ɗauke ni. Na shiga ajin manya na koyi boko, na yi wani ɗan kwas, aka ɗauke ni ƙaramin akawu a wani ofis da ke shirya takardun alhazai a babban gari, saboda ina jin Larabci. Na sayi babur da agogo. Malam bai hana ni ba, sai dai ya laƙaba mini suna Bature.

A ofishin nan akwai wani tsoho da muke kira Baba Akawu. Bahaushe ne Kirista daga wani ƙauyen Ƙanƙara, iyayensa Maguzawa. Shi ya koya mini buga tafireta, shi kuma yake warware mini Turancin da ya fi ƙarfina. Alaramma yake ce mini, ni kuma in ce masa ya kusa musulunta tunda ya fi mu sanin ranar Arfa. Wata rana na ga wata kalma a gefen wata takarda, an rubuta declined, na tambaye shi ma'anarta. Ya ce Turawa suna da kalmomi da dama na ƙin abu. Akwai ta ture abu da ƙafa, akwai ta cewa ba zan yi ba ido cikin ido. Wannan kuwa ta mutumin kirki ce, wanda aka yi wa tayi ya sunkuyar da kai ya gode ya ce a bar shi. Ya ce da ita kuma suke faɗin abin da ya fara yin ƙasa, kamar ƙarfin tsoho ko rana bayan zawali. A matsayina na ɗalibin lugga kalmar ta burge ni, na rubuta ta a bayan hannuna. Baba Akawu ya ƙara da cewa, “Amma ka yi hankali da ita, Alaramma. Taushi gare ta a baki, amma in ta hau takarda an rufe magana.”

Wata ranar Litinin, an gama yankan gero dawa ta fitar da kai, Sakataren ofis ya kira ni. Haifaffen birni ne, ya yi karatu a ƙasar Turawa, ba shi da mugunta amma ba ya iya zama a kan magana ɗaya. Ya ce an ba yankinmu kujera guda ta malamin da zai raka alhazai, jirgi da masauki da guzuri duk kyauta. Ya tambayi dagatai, duk suna ɗaya suka ba shi.

“Malaminka ne, ko? To ɗauki takardar nan ka kai masa. Ranar Alhamis sunaye za su wuce, ba na son jinkiri. In bai karɓa ba, ba ni da lokacin yawon neman wani. Kai ma ai ka yi karatun, ga Larabci ga Turanci. Sai mu sa sunanka.”

Ya faɗi haka ne yana laluben makullin motarsa, kuma na tabbata kafin ya kai ƙofa ya manta. Ni ban manta ba. Tun daga bakin ofis har na sauka daga kwalta na hau turbar ƙauye, maganar tana tafe da ni a bayan babur. Kuma ku lura da kwanakin. Litinin, Talata, Laraba. Allah Ya ba ni lokaci daidai da tayi uku, don kada in sami uzurin da zan gabatar.

Na iske Malam da hantsi a gindin tsamiya yana ɗinke bangon wani tsohon littafi.

“A'a, Bature! Yau ofis ta ƙone ne?”

“Allah gafarta Malam, aike ne.”

Na durƙusa na karanta masa, ina juyawa zuwa Hausa. Da na kai wurin kujerar sai allurar ta tsaya a hannunsa. Ya ce in sake karanta wurin. Na sake. Ya miƙo hannu biyu ya karɓi takardar, duk da ba ya karanta boko, ya riƙe ta yana kallon hatimin.

“Jirgin nan, da gaske ne ana asuba a Kano a yi la'asar a Jidda?”

“Da gaske ne, Allah gafarta Malam.”

“To ina ake ɗaura harami, tunda ba shi tsayawa a miƙati? Ko tun daga ƙasa? A'a, dakata, akwai magana a kan mai tafiya a teku, sai a yi ƙiyasi.”

Ya riga ya hau jirgin. Yana magana yana duban gabas, idonsa ya kawo ruwa. Can sai ya tuna da kansa. Ya gyara zama, ya share fuska da gefen rawani, ya miƙo mini takardar, ya sauke murya kamar yadda aka saba.

“Ka gaishe da mai aikenka, ka yi mashi godiya. Amma ni ban cancanta ba. Mi tsoho kamata zai tsinana ma alhazai? Ga ido ya fara rauni.”

Amsar wannan magana a bakin kowane yaro take a ƙauyenmu. Za a dawo. Ni da kaina na taɓa faɗin ta a wannan gindin tsamiya, lokacin da aka aike ni da tayin wata saniya. Na ji ta ta taso har maƙogwarona, na haɗiye ta. Na ce, “To, Allah gafarta Malam.” Ya ɗago ya dube ni, kallo gajere, irin wanda yake yi idan ɗalibi ya tsallake layi. Sannan ya mayar da kai kan ɗinkinsa.

Ina tura babur sai matarsa, wadda muke kira Inna, ta tare ni a bakin zaure da ƙwaryar fura.

“Kai ɗan nan, na ji komi ta bayan zana. Gobe wa za a turo? In Liman ne ku gaya mani da wuri in kama zakaran ga, wayo gare shi.”

“Sai yadda ofis ta ce, Inna.”

“Ofis! Ita ofis ɗin ba ta da iyaye? Shekara nawa ina share gindin rumbu wasu na tahiya. Haraminshi na nan cikin adaka, saƙin audugar gonarshi, duk shekara sai na wanke na shanya. Sha furarka ka tahi ka turo mutane.”

Na sha furar nan har ƙasa.

Da na koma ofis bayan azahar, Baba Akawu ya ɗago daga tafireta.

“Alaramma, yaya aka yi?”

“Ya ce bai cancanta ba.”

“To madalla, tafiya ta yi kyau. Gobe wa za ka ɗauka?”

“Baba, Sakatare ya ce ba ya son jinkiri.”

“Sakatare ya ce Alhamis. Yau Litinin.” Ya cire tabarau ya ajiye. “Ni ubana bai taɓa kai goshinshi ƙasa ba, amma da aka zo ba shi sarkin noma sai da aka yi sawu uku. Wannan ba sai an yi karatu ba.”

Na zura takardar a tafiretata. Na ce, “Ai kai ka ce kalmar ta mutumin kirki ce, wanda ya sunkuyar da kai ya gode. Haka Malam ya yi, ban ƙara ba ban rage ba.”

“Na ce maka haka. Amma a wajen Turawa, mutum in ya ce ya gode a bar shi, ya gama, ba shi jiran kowa. Kalmar tasu ce, daidai jikinsu aka ɗinka ta. Malaminka bai ƙi ba. Jira yake.”

Na buga haruffan nan takwas na declined. Har yau ina jin ƙarar kowane ɗaya. Baba Akawu ya mayar da tabaransa ya ce, “Hannunka ne, ba nawa ba.” Bai kai ƙarata wurin Sakatare ba, bai sake tayar da maganar ba. Amma daga ranar bai ƙara ce mini Alaramma ba, Malam Akawu yake ce mini kamar baƙo, har ya yi ritaya.

Kada a zaci na yi abin nan cikin jahilci. Da jahilci ne da na sami sauƙi. Da ilmin da Malam ya ba ni na yi wa kaina fatawa. Na ce ɗan aike ba a ɗora masa sai isar da abin da ya ji, kuma hukunci a kan zahirin lafazi yake. Na ce tsoho ne, rana da cunkoso za su wahalar da shi, ni kuma zan fi amfanar alhazai. Na ce baɗi ma rana ce, zan sama masa wata. Duk waɗannan na jera su kamar hujjoji a gaban alƙali, alhali na san babin da ke cewa magana ana fassara ta ne da al'adar mai faɗin ta. A wannan zaure na karanta babin, shi ya fassara mini shi.

Daga baya na ji yadda kwanakin suka kasance a gidan. Ranar Talata Malam ya sa aka share zaure aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Ranar Laraba ya sa rigarsa ta Juma'a ya zauna a gindin tsamiya, duk babur ɗin da ya yi ƙara a kan turba sai ya dakata da karatu har ƙarar ta wuce. Inna ta sa aka yanka zakaran, naman ya kwana biyu ana ɗumamawa, a ƙarshe ɗalibai suka cinye. Bayan Alhamis ya ce a naɗe tabarmar. Bai tambayi kowa ba, domin tambaya roƙo ce. Wani direba ne ya kai labari ƙauyen cewa Baturen Malam aka ba kujera.

Na so in ɓuya, amma babu hali. Maniyyata dole su je koyon aiki, ni kuma jagoransu dole in kai su. Na shiga filin nan tare da su. Malam ya tarbe ni a gaban jama'a.

“Bature, Allah Ya sa alheri. Gara da suka ɗauki mai ƙafa. Tuɓe rigar nan ka shiga gaba, kai za su bi a can.”

Ya zagaya da ni rumbun nan sau bakwai, ya gyara mini kafaɗa, ya gyara mini inda zan ɗaga hannu, kamar yadda yake yi wa kowa, ba ƙari ba ragi. Da aka gama ya leƙa cikin gida ya ce wa Inna ta ɗauko haramin nan na cikin adaka ta ba ni. Muka ji muryarta sarai daga ɗaki.

“Makullin ya ɓace.”

“Ki duba dai.”

“Na duba, Malam. Ya ɓace, kuma ba a ganinshi bana.”

Maniyyata suka yi dariya, ba su san kan zancen ba. Malam ya yi murmushi ya ƙyale ta. Ya raka ni har gindin babur, ya dafa kafaɗata, na ɗauka a nan zai faɗi abin da nake tsoro. Sai ya ce, “Saƙo ɗaya gare ni. In ka je tsakanin Safa da Marwa ka lura da nisan da kyau. Tun kafin a haife ka nake sa mutane tafiya daga tsamiyar ga zuwa kuka, ban sani ba ko daidai nake. In ka dawo ka gaya mani.”

Na je Makka. Ba zan ce ban yi kuka ba da na ga Ɗakin Allah, na yi. Amma duk zagayen da na yi, rumbun dawa nake gani a gefen idona. Alhazan da nake jagoranta ba su buƙaci ni ba ko kaɗan, aikin yana jikinsu tun daga gida. Wani dattijo daga Ruwan Godiya ma shi ya tuna mini addu'ar da na manta, ya ce haka Malam ya ce a yi.

Da muka dawo na kai masa dabino da ruwan zamzam da tasbaha. Bai ko buɗe ƙunshin ba, ya kama hannuna ya ce mu je. Muka taka daga tsamiya zuwa kuka, ya tsaya yana jira. Na ce masa na can ya fi wannan nisa, sai mun wuce rijiya mun kai bakin gonar rogo. Ya sa muka taka har can, yana haki. Ya waiwaya ya dubi tsamiyar daga nesa, ya yi dariya har da tari.

“Ashe shekara da shekaru ina rage ma bayin Allah hanya! To Allah Ya yafe mani.”

Washegari ya sa aka tuge turakun aka mayar da su inda na nuna. Har ya rasu da awon da na kawo masa yake karantarwa, kuma duk wanda ya zo sai ya gaya masa cewa ɗalibinsa ne ya gano masa da idonsa.

Baɗin da na yi wa kaina alkawari bai zo ba. An ɗauke Sakatare zuwa wani wuri, kujerar ta koma wani yanki, wata shekarar kuma manya suka sa nasu. Na fara tara abin da zan biya masa da kaina, amma kafin ya kai ko'ina idonsa ya rufe, ƙafafunsa suka kumbura, ko masallaci sai an riƙe shi. Ina zuwa gaishe shi duk wata, ina kai masa goro da magani, muna hira a kan komai ban da abu ɗaya. Inna tana amsa gaisuwata, amma ban sake ganin ƙwaryar furarta ba.

A shekara ta uku aka aiko mini cewa jikin ya yi tsanani. Na isa bayan azahar, na iske shi kwance a zaure, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Ya gane sallamata. Na zauna kusa da kansa, babu kowa sai mu biyu. Tun daga hanya na shirya maganar, na tsara ta daga farko har ƙarshe.

“Allah gafarta Malam, na zo neman gafara.”

“Mi ka yi mani, Bature?”

Ba da wasa ya tambaya ba, ba kuma da fushi ba. Ya juyo da fuskarsa wajena, idanun da ba su gani suna kaina. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa abin da kowa ke cewa.

“Zama na yau da gobe, Allah gafarta Malam. Mutum ba ya rasa kuskure.”

“Na yau da gobe na yafe, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mani.” Ana jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Hannunsa ya lalubo nawa a kan tabarma ya riƙe. “Akwai wani?”

Ya jira ni. Wallahi ya jira ni, har na ji ladan ya fara gyaran murya don la'asar.

“Babu, Allah gafarta Malam.”

“To,” in ji shi. Ya saki hannuna. “Tashi ka yi alwala kada ka rasa jam'i.”

Bayan kwana biyu ya rasu, ni na yi masa wanka.

Malamai sun yi saɓani a kan wanda ya nemi yafiya a dunƙule bai ambaci haƙƙin da ya ci ba. Wasu sun ce ta wadatar, wasu sun ce ba ta wadatar sai ya faɗi abin da sunansa, domin mai yiwuwa da mai haƙƙin ya ji da bai yafe ba. Na karantar da maganganun biyu ga ɗalibai masu yawa, kuma duk wanda ya zo mini da damuwarsa, mai sauƙin nake ba shi ya tafi da ita. Ni kaɗai na kasa ba kaina. Na yi wa Malam hajji a madadinsa da na sami iko, ina fatan Allah Ya kai masa ladan. Amma ba hajji ya tambaye ni ba ranar nan a zaure. Tambayarsa ɗaya ce, kuma na ba shi amsar ƙarya.

Akwai wani, Allah gafarta Malam. Na san jira kake yi, kuma ina son kujerar.

Ya Allah Ka jiƙan Malam, Ka jiƙan Inna, Ka sada shi da abin da ya fi Ɗakin da bai gani ba. Wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, domin na kusa zuwa inda zan maimaita maganar nan a gabansa.